Gyara Kayanka Bai Zama Sauke Mu Raba Ba: Wa'adin Wata Uku da Gyaran Ƙara a Shari'ar Sakacin Asibiti

Gabatarwa

Na san wani daga cikin 'yan'uwana ɗalibai zai ga kan wannan rubutu ya ce, me ya haɗa kifi da kaska? Mu da aka sani da nazarin ginin jimla da karin sauti, ina ruwanmu da kotu da asibiti? Ina roƙon mai karatu ya yi haƙuri ya bi ni a sannu. Abin da nake son nunawa shi ne, a garuruwa irin su Nguru da Gashuwa, mutumin da ya cutu a gadon asibiti yana iya rasa haƙƙinsa tun kafin alƙali ya kai ga tambayar ko an cuce shi ko ba a cuce shi ba. Abu biyu ne ke jawo haka. Na farko, gajeren wa'adin da doka ta yanka na shigar da ƙara. Na biyu, kuskuren da akan yi wajen juya labarin majinyaci daga harshensa zuwa takardar ƙara, wanda idan aka zo gyara shi daga baya sai a tarar ƙofa ta rufe. Na farkon aikin 'yan majalisa ne. Na biyun kuwa ya shafe mu kai tsaye.

Tun da wuri in faɗa, ba wani asibiti ko wani likita nake zargi ba. Duk wanda ya taɓa jinya a wannan yanki ya ga yadda ma'aikata 'yan kaɗan ke fama da jama'a mai yawa. Maganata a kan doka ce da kuma harshe.

Mece Ce Takardar Da'awa?

A kotun alƙali da muka saba da ita, mai ƙara yakan miƙe ne ya faɗi da'awarsa da baki, cikin Hausa, idan ya yi tuntuɓen harshe alƙali ya sake tambayarsa. A Babbar Kotu abin ba haka yake ba. Lauya ne zai rubuta takardar da'awa da Turanci, ya jera abin da ya faru ɗaya bayan ɗaya: wane ne ya yi, yaushe ya yi, wane irin sakaci ya yi, wace cuta ta biyo baya, nawa ake nema na diyya. Wanda ake ƙara shi ma ya rubuto martaninsa. Waɗannan takardu su ne shingen gonar shari'ar. Tun a 1973, a shari'ar Emegokwue da Okadigbo, Kotun Ƙoli ta jaddada cewa duk shaidar da aka bayar a kan abin da ba a rubuta cikin takardun ba, tamkar ba a bayar da ita ba ce. Wato ko da gaskiya ta fito fili a bakin shaida, idan ba ta cikin takarda, alƙali ba zai gina hukunci a kanta ba.

A shari'ar sakaci kuwa, bai isa a rubuta cewa "an yi sakaci" ba, sai an fayyace irinsa. Sa'annan sai an tabbatar da shi. A 2006 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a shari'ar Ojo da Gharoro, inda allurar ɗinki ta karye ta zauna a cikin wata mata bayan tiyata a asibitin koyarwa na Benin. Duk da haka matar ba ta yi nasara ba, domin likitocin sun yi bayanin cewa allura tana iya karyewa ba tare da sakaci ba, ita kuma ba ta kawo hujjar ƙwararru da za ta rushe wannan bayani ba. Darasin a nan shi ne, mai irin wannan ƙara yana bukatar fayil ɗinsa na asibiti da kuma wani likita da zai duba shi ya yi magana. Samun waɗannan biyun yana cin lokaci, lokacin kuwa shi ne doka ta yi wa ƙwauro.

Wa'adin Wata Uku

Akwai wata doka da ake kira Dokar Kare Jami'an Gwamnati, wadda asalinta ya koma 1916, zamanin Turawa, kuma har yanzu tana cikin kundin dokokin tarayya. Sashe na 2 ya ce duk wanda zai yi ƙarar jami'in gwamnati a kan abin da ya aikata, ko ya yi sakacin aikatawa, a bakin aikinsa, dole ya shigar da ƙarar cikin wata uku. A 1998, a shari'ar Ibrahim da Hukumar Kula da Ma'aikatan Shari'a ta Jihar Kaduna, Kotun Ƙoli ta ce wannan kariya ta haɗa har da hukumomin gwamnati su kansu. Ke nan Cibiyar Kiwon Lafiya ta Tarayya da ke Nguru, wadda mutanen Machina da Yusufari da Karasuwa da Bade da Jakusko ke dogaro da ita, tana cikin rukunin da lauya zai iya ɗaga wa wannan garkuwa, kamar kowane asibitin tarayya a ƙasar nan. Jihohi ma suna da nasu dokokin makamantanta.

Yadda ake lissafin ba shi da wuya. Alƙali zai duba takardar da'awa ya ga ranar da aka ce abin ya faru, ya duba ranar da aka shigar da ƙara, ya ƙirga. Idan an haura wata uku, shi ke nan, ba za a shiga batun wa ke da gaskiya ba. Dokar ta yi togaciya ga cutar da ke ci gaba, amma kotuna sun fassara wannan da ci gaban aikin cutarwar, ba ci gaban raɗaɗin da ya bari ba. Haka aka yi a 1961 a shari'ar Obiefuna da Okoye, inda motar 'yan sanda ta ji wa wani mutum rauni, ya daɗe yana jinya, da ya warware ya zo kotu aka ce ya makara. Haka kuma a 1991, a shari'ar Ekeogu da Aliri, ƙarar wata 'yar firamare da malaminta ya ji wa rauni a ido ta faɗi a Kotun Ƙoli saboda wannan wa'adi.

Yanzu mai karatu ya auna wannan da rayuwarmu. Wata uku na Turawa bai wuce kwana 92 ba. Matar da mijinta ya rasu kuwa takan yi takaba ta wata huɗu da kwana goma, wato wajen kwana 130. Ashe ke nan idan magidanci ya rasu a hannun sakaci, wa'adin zai ƙare matarsa tana cikin takaba, da sauran fiye da wata guda kafin ta fita. Wani zai ce ai akwai 'yan'uwa maza. Gaskiya ne, amma wane ne a cikinmu zai bar zaman makoki ya nufi ofishin lauya? Kafin a yi sadakar arba'in, a zauna batun gado, a sami mai ƙarfin halin da zai ce "anya kuwa abin nan da aka yi daidai ne?", kusan rabin wa'adin ya tafi. Idan kuma da damina ne, mutanen ƙauyukan fadamar Hadeja da Nguru da na bakin kogin Yobe sun san yadda ruwa kan yanke hanya.

Wani abin takaici kuma, wannan gajeren wa'adi bai shafi asibitin kuɗi ba. Mai halin da ya je asibiti mai zaman kansa, wa'adinsa da shekaru ake lissafa shi. Talakan da ba shi da zaɓi sai asibitin gwamnati, shi aka yanka wa wata uku.

Bugu da ƙari, cutar asibiti ba kamar karon mota ba ce da ake gani nan take. A 1996, lokacin annobar sanƙarau a Kano, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a wani gwaji da ya ƙunshi yara 200, inda 11 daga cikinsu suka rasu. Sai a watan Disamba na 2000 jaridar Washington Post ta bankaɗo labarin ga duniya. Iyalan yaran sun shigar da ƙara a Amurka a 2001, aka yi sulhu da Gwamnatin Jihar Kano a kan dala miliyan 75 a 2009 ba tare da kamfanin ya amsa laifi ba, kuma sai a 2011 aka fara biyan diyya. Kamfanin ba na gwamnati ba ne, don haka dokar wata uku ba ta hau kansa ba. Na kawo misalin ne don a ga tsawon lokacin da gaskiyar abin da ya faru a ɗakin jinya kan ɗauka kafin ta isa kunnen masu ita. A Gashuwa ma, inda ciwon ƙoda ya daɗe yana addabar jama'a har masana ke ta bincike a kan musabbabinsa, idan ƙodar mutum ta lalace bayan an ba shi wani magani, rarrabe ko maganin ne ko kuwa cutar da ta zama ruwan dare a yankin ce, aiki ne na ƙwararru da ba a gama shi cikin mako goma sha uku.

Idan An Zo Gyara

To, mu ƙaddara mutum ya yi sa'a ya shigar da ƙara cikin lokaci. Tunda a gurguje aka rubuta, da wuya a rasa kuskure. Doka ta yarda a nemi izinin kotu a gyara takardar da'awa, kuma kotuna sukan sassauta a nan, domin manufar shari'a ita ce warware ainihin rigimar da ke tsakanin mutane. Sai dai akwai wata ƙa'ida: idan aka yi gyara, ana ɗaukarsa kamar tun ranar farko aka rubuta shi. Saboda haka ne ake tsoron kada mai ƙara ya fake da gyara ya shigo da sabuwar da'awa wadda wa'adinta ya riga ya wuce. Tushen wannan ƙa'ida shi ne shari'ar Weldon da Neal da aka yi a Ingila a 1887, inda wata mata ta yi ƙarar ɓata suna, daga baya ta so ta ƙara wasu da'awoyi kamar duka da tsarewa ba bisa ƙa'ida ba bayan lokacinsu ya shige, kotu ta hana. Kotunanmu sun gaji wannan hukunci. Haka nan ana yarda a gyara sunan wanda ake ƙara idan kuskuren rubutu ne, amma ba a yarda a jawo sabon mutum cikin shari'a bayan wa'adi ya cika ba.

Ga misali, na ƙirƙira ne don a fahimta. Wata mata daga wani ƙauye kusa da Gashuwa an yi mata tiyatar haihuwa, bayan nan ta shiga wani hali. Lauya ya rubuta cewa likita ya yi sakaci wajen tiyatar. Bayan wata takwas aka samu fayil ɗinta, sai aka ga tiyatar lafiya lau aka yi ta, matsalar daga jinin da aka ƙara mata ne a daren. Lauya ya nemi gyara. Lauyan asibiti zai miƙe ya ce wannan sabuwar da'awa ce, a kan wani ma'aikaci daban, kuma wata uku ya wuce. Nata lauyan zai ce kwanciya ɗaya ce, asibiti ɗaya, cuta ɗaya, bayani kawai aka ƙara. A kan wannan gardama ana iya shekaru, har a ɗaukaka ƙara, ba a taɓa batun jinin ba.

Inda Harshe Ya Shigo

A nan ne nake son 'yan'uwana ɗalibai su buɗe kunne. Me ya sa takardar farko takan fito da kuskure? Sau da yawa saboda labarin ya bi ta harsuna biyu ko uku kafin ya hau takarda. Matar nan ta iya yiwuwa da Badanci take tunani, ta faɗa wa ɗan'uwanta, shi ya faɗa wa lauya da Hausa, lauya ya rubuta da Turanci. A Nguru kuma wataƙila da Manganci ko Fulatanci labarin ya faro. Kowace gaɓa akwai abin da ke zubewa.

Mu ɗauki kalmar "likita". A bakin mutumin karkara, duk wanda ya sa farar riga a asibiti likita ne: nas, da mai ba da magani, da mai ɗibar jini, da ma'aikacin lafiya na matakin farko. Idan majinyaci ya ce "likita ne ya yi mini", aka fassara kai tsaye, an riga an kama wanda ba shi ba, kuma mun ga cewa sauya wanda ake ƙara bayan wa'adi ba ya yiwuwa. Mu ɗauki "ciki". Yana nufin tumbi, yana nufin hanji, yana nufin mahaifa, yana nufin juna biyu. "Cikina ya ɓaci" da "cikina ya zube" kalma ɗaya ce ta raba su, amma a takardar ƙara da'awa biyu ce mabambanta. "Allura" ita ce ta ɗinki, ita ce kuma ta magani. "An ƙara mini ruwa" bai nuna ko akwai magani a cikin ruwan ba. "Aiki" yana iya zama babbar tiyata, yana iya zama ɗan tsaga ƙurji.

Sai kuma batun rana, wadda ita ce ran shari'ar wa'adi. Tsohuwa ba za ta ce 14 ga Mayu ba. Za ta ce "bayan ƙaramar Salla da mako biyu", ko "ranar kasuwa, ana gab da shuka". Dokar fassarar dokoki ta Nijeriya kuwa ta ce "wata" yana nufin watan kalandar Miladiyya. Wanda ya juya lissafin Hijira zuwa na Miladiyya da ka, ya kuskure da mako guda, yana iya jefa ƙarar da ke cikin lokaci zuwa wajen lokaci da hannunsa. Rashin sani ya fi dare duhu.

Hujjar Ɗaya Ɓangaren

Adalci ne a saurari masu kare wa'adi. Suna cewa idan aka bar ƙofa a buɗe har abada, shaidu za su manta, fayiloli za su ɓace, likitan da aka yi wa canjin wurin aiki zai zo yana kare abin da ba ya iya tunawa. Suna cewa a yankin da likitoci suka yi ƙaranci, tsoron ƙara zai ƙara korar waɗanda suka rage. Kuma suna cewa bai dace mutum ya shirya kare kansa daga zargi ɗaya, tsakiyar shari'a a sauya masa wani ba. Duk waɗannan maganganu ne masu nauyi, kuma ban ce a soke wa'adi ba. Abin da nake ja a kai shi ne tsawonsa da kuma ranar da ake fara ƙirga shi.

Turawan da suka kawo mana dokar sun daɗe da barin ta. Tasu ta 1893 wata shida ta bayar, kuma sun soke ta a 1954. A 1963, a shari'ar Cartledge da kamfanin Jopling, an ga ma'aikatan da ƙura ta lalata wa huhu sun rasa ƙararsu domin wa'adi ya ƙare tun kafin su san suna ɗauke da cutar. A shekarar majalisarsu ta gyara doka. Dokarsu ta 1980 ta ba mai rauni shekara uku daga ranar da abin ya faru ko ranar da ya sani, ta ba alƙali ikon ɗage wa'adin idan adalci ya bukaci haka, kuma ta buɗe hanyar karɓar gyara idan sabuwar da'awar daga tushen labari ɗaya ta fito da ta farko. Mu kuwa muna nan riƙe da abin da mai shi ya yar tun 1954.

Akwai kuma masu cewa neman diyya rashin tawakkali ne, abin da Allah ya ƙaddara ba makawa. Babu Musulmin da ke jayayya da ƙaddara. Amma malaman fiƙihu, ciki har da Ibn Rushd a littafinsa Bidayatul Mujtahid, sun yi bayanin lamunin likita, cewa diyya tana hawa idan ya yi kuskure, kuma wanda ya yi magani ba da sani ba abin da ya ɓata yana wuyansa. Yafewa alheri ne, amma sai wanda haƙƙinsa ke hannunsa ne yake yafewa. Wanda wa'adi ya ƙwace wa haƙƙi bai yafe ba, rasawa ya yi.

Abin Da Ya Kamata A Yi

Na farko, 'yan majalisar tarayya da na jiha su cire raunin jiki da rasa rai daga ƙarƙashin wa'adin wata uku, a mayar da shi shekara uku, a fara ƙirgawa daga ranar da mutum ya sani ko ya kamata ya sani.

Na biyu, a rubuta ƙarara cikin doka cewa gyaran da ya fito daga kwanciya ɗaya da jinya ɗaya karɓaɓɓe ne, musamman idan jinkirin samun fayil ne ya jawo shi. Bai kamata wanda ke riƙe da fayil ya ci ribar jinkirin sakinsa ba.

Na uku, jama'a su san abin da doka ta riga ta ba su. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta wajabta wa asibitoci adana bayanan majinyata, kuma ta ce a yi wa majinyaci bayanin halin da yake ciki, gwargwadon iko, da harshen da yake fahimta. A riƙa adana kati da rasit da takardar magani, a rubuta ranar da komai ya faru da kalanda biyu. Wanda ke da ƙorafi ya nemi lauya ko ofishin Hukumar Ba da Agajin Shari'a da wuri, domin ba a fafe gora ranar tafiya. A kuma sani cewa kai kuka ga Majalisar Likitoci ta Ƙasa hanya ce ta ladabtar da likita, ba ta biyan diyya, kuma ba ta tsayar da agogon kotu.

Na huɗu, namu ne. Marigayi Farfesa Russell Schuh da abokan aikinsa sun samar da ƙamusun Badanci da Hausa da Turanci ƙarƙashin aikin nazarin harsunan Yobe, wato an riga an share fage. Me zai hana ɗalibi ya ɗauki kalmomin jinya na Nguru da Gashuwa a matsayin kundin digirinsa, ya zauna da majinyata da nas-nas da lauyoyi, ya tattara yadda ake faɗin ciwo da sassan jiki da lokaci, ya nuna inda ma'ana ke rabuwa? Me zai hana darasinmu na fassara ya haɗa da koyon yi wa mai ba da labari tambayar da za ta fito da abin da yake nufi: wane likitan, mace ko namiji, da dare ko da rana, kafin tiyata ko bayanta?

Kammalawa

Hausawa sun ce gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Mai ƙarar da ya zo gyara takardarsa bayan ya ga fayil, ba sabuwar rigima ya kawo ba, tsohon kukansa ne yake son a ji daidai. Likitan kirki ma ba abin da zai rasa idan aka saurari ƙara a kan gaskiyarta, domin wanda kotu ta wanke bayan ta ji shaidu ya fi wanda kalanda ta kuɓutar samun natsuwa a cikin jama'a. Kafin 'yan majalisa su motsa, mu da muka zaɓi harshe ya zama sana'armu mu tabbatar cewa idan labarin wani ya bi ta bakinmu ko alƙalaminmu, ya isa yadda mai shi ya faɗe shi. Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya taimaki masu jinyarsu, amin.